Minti Ashirin da Uku a Cikin Kula

Zan fara da gyara. A rubutuna na makon jiya na ce akwatin Mas'udu ya lalace ranar walimar ƙanwata. Da yawa daga cikinku sun yi masa dariya a ƙasan rubutun, wata ma ta ce in rabu da mai haɗe-haɗen wayoyi in nemi mai aikin ofis. Shekara uku na yi ina aikin jarida a Gusau, kuma abin da edita ya fara koya mini shi ne wanda ya buga kuskure shi zai buga gyaransa. Akwatin bai lalace da kansa ba. Ni na lalata shi.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Wasila, shekarata ashirin da shida. Gidanmu yana Tudun Wada a Gusau, amma asalinmu Bungudu. Mas'udu shi ne mai nemana, wata goma sha ɗaya ke nan. Yana da ƙaramin shago a Sabon Gari inda yake gyaran na'urorin intanet. Babana yana kwance a asibiti a Kano tun bayan ƙaramar salla, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, Inna tana wajensa. Ƙanwarsa, Gwaggo Kulu, ita ta dawo gidanmu take zaune da ni da ƙanwata Ma'u.

Ma'u ta sauke Alƙur'ani a watan Mayu. Baba ya ce kada a ɗaga walima saboda shi, a yi ta a gidan kakanni a Bungudu, wajen yayansa Baffa Sama'ila. Abu ɗaya ya roƙa: yana so ya gani a lokacin da ake yi. Ba ya son bidiyon da za a tura masa daga baya. Yana so idan an shafa addu'a ya ce amin tare da mutane.

Wanda ya san tsakar gidan nan ya san matsalar. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kiran murya ma sai an fita bakin zaure. Na faɗa wa Mas'udu wani yammaci da ya zo zance.

Ya ce, “Layi ɗaya ba zai ɗauke ki ba a gidan can. Amma idan aka haɗa uku suka ja tare, wanda ya yi rauni sauran su tallafe shi.”

“To ka haɗa su mana, Injiniya.”

“Ki ba ni mako uku, 'yar jarida.”

Sau biyu ya je Bungudu a kan babur. Ya tsaya bayan katangar gidan da wayoyi uku a hannu yana rubuta ƙarfin kowane layi a littafi, har wani maƙwabci ya fito ya tambaye shi ko fili yake aunawa. Daga nan hotuna suka fara shigo mini a waya. Akwatin roba mai ruwan toka, irin na masu haɗa wutar gida. Modem uku a jere, kowanne da sim ɗinsa. Ƙaramar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, ita ke raba hoton ga layukan. Batir da ya haɗa daga na tsofaffin kwamfutoci. Fanka ƙarama da ya cire daga wata da ta mutu. Eriya uku a sama kamar yatsu.

“Yau dalma ta ƙona ni sau biyu,” ya rubuto wata rana, da hoton yatsansa.

“Allah ya ƙara,” na mayar masa.

“Amin. Idan Baba ya ga Ma'u, yatsa goma ma a ƙona.”

Wahalar aikin ba a layukan take ba. Walimar mata ce, a cikin gida, namiji baligi ba ya wuce zaure. Mas'udu ya san ba zai kasance kusa da akwatinsa ba. Don haka ya sake shi sau uku yana rage nauyi, ya mayar da maɓallan zuwa ɗaya, ya kai wa mai ɗinkin jaka ya yi masa maratayi daidai kafaɗata. Ya je filin ƙwallon Tsafe da tsakar rana ya gwada, na zauna a falonmu ina kallon samari suna buga ƙwallo a wayata, hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya. Masu shirya gasar ƙwallon garin suka ce shi zai haska wasansu na ƙarshe. A gefen akwatin ya rubuta da baƙar maka, da manyan baƙaƙe: MAS'UDU, SABON GARI, da lambarsa.

Da ya miƙo mini shi ya ce, “Doka biyu ce. Kada ya yi nisa da wayar da ke ɗauka. Kuma kada ki rufe shi da komai, ko mayafi. Kin ga ramukan nan? Ta nan yake numfashi.”

“Na ji.”

“Maimaita.”

“Kada ya yi nisa, kada in rufe shi. Ni ba 'yar aji ɗaya ba ce.”

Akwai abin da ban taɓa rubuta muku ba. Gwaggo Kulu tana da ƙawa, Hajiya Binta, mai ɗa a Abuja, Abdulaziz. Tun da Gwaggo ta dawo gidanmu, ba a yin kwana biyu ba ta ambace shi ba. Ba wanda ya tilasta mini. Ita dai takan ce, “Ki duba da kyau, ɗiyar nan. Babanki ba lafiya, gida yana son mai ƙarfi.” Ta ba shi lambata. Yana turo “barka da Juma'a”, ina mayar da “barka kadai”. Sau biyu ya kira, na ɗauka. Ban ce masa e ba. Ban kuma ce masa akwai wani ba. Mas'udu bai san da shi ba. Baffa Sama'ila kuwa, wanda shi ne waliyyina, ya riga ya ce magabatan Mas'udu su zo bayan walima.

Ranar Asabar muka isa Bungudu da ƙarfe tara. Ankon atamfa ce kore mai zanen ganye, na yafa farin mayafi. Ma'u tana cikin farin hijabi har ƙasa, lallenta ya kama sosai, allonta na zayyana yana jingine a bango. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, kulolin shinkafa a jere a bakin madafa. Maza suna waje a gindin dalbejiya, Mas'udu a cikinsu da wayarsa a hannu.

Ƙarfe goma da rabi na kafa wayata a kan sandarta, na rataya akwatin, na danna maɓalli. Fitilu uku suka kawo kore. Na tura wa Inna adireshin kallo. Ta turo saƙon murya tana dariya: “Mun gan ku tar! Babanku ya sa na saka masa kaftani da hula a kan gado. Ya roƙi likita an mayar da wankin nasa yamma.”

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu Hajiya Binta ta shigo. Ba wanda ya gaya mini an gayyace ta. Leshi ne a jikinta ruwan zuma, mata biyu suna biye da ita da ledojin kyauta. Gwaggo ta cafko hannuna.

“Mi kika rataya haka? Kin yi kama da mai gyaran rediyo.”

“Na haska wa Baba ne, Gwaggo.”

“Ga sunan yaron nan ɓaro-ɓaro a jiki. In ta tambaye ki wane ne Mas'udu, mi za ki ce mata? Sauke wanga abu ki zo ki gaishe ta.”

Iyakar abin da Gwaggo ta ce ke nan. Sauran nawa ne. Zan iya ajiye shi a kan taga in juya sunan ya kalli bango. Zan iya cewa Hajiya, wannan na wanda zan aura ne. Na waiga, na ga wata babbar kula da aka gama kwashe shinkafar cikinta, irin mai ƙarfe a ciki, har yanzu da ɗumi. Na kwantar da eriyoyin, na saka akwatin, na murɗa murfin. A raina na ce minti biyu.

Gaisuwar Hajiya Binta ba ta minti biyu ba ce. Na durƙusa a gabanta. Ta tambayi jikin Baba, ta tambayi aikina, ta riƙe hannuna tana duba lallen, ta ce Abdulaziz yana yawan maganata. Ta ciro turare ta ba ni. Ina nan durƙushe malamar Ma'u ta kira ta. Na ji muryar ƙanwata ta ja basmala, siririya, ba rawa a cikinta. Ta karanta Fatiha, ta shiga farkon Baƙara. Mata suka yi tsit. Na kalli wayata a kan sanda daga nesa, na ga tana tsaye inda na kafa ta, na ce komai lafiya. Hajiya ba ta saki hannuna ba har aka shafa addu'a aka rangaɗa guɗa.

Sai da na je wajen wayar na ga hoton ya daskare. Ƙaramar wayata tana cikin jaka, na ciro ta: kira tara daga Mas'udu, huɗu daga Inna. Saƙonsa na ƙarshe: “Ina bakin zaure. Don Allah ki duba fitilun.” Daga baya na ji ya roƙi mata biyu masu shiga su kira ni. Ɗaya ta manta, ɗaya ba ta san wace ce Wasila ba. Taki goma sha biyar ne tsakaninsa da akwatinsa, bai iya shiga ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da tara na buɗe kular. Akwatin ya yi zafin da sai da na sa gefen zane na ɗauke shi. Fitilun sun mutu, gefen batir ya kumbura. Na goge shi sosai na kai zaure.

Mas'udu ya karɓa, ya canza hannu saboda zafi.

“Ya faɗi ne?”

“A'a.”

“Rana ta doke shi?”

“A'a, a inuwa yake.”

Duka amsoshin gaskiya ne. Na san yadda ake jera gaskiya ta ba da ƙarya, aikina ne in kama masu yin haka.

Baffa Sama'ila ya taso daga gindin dalbejiya da waya a kunne. Inna ce. Ya kashe, ya dubi Mas'udu a gaban dattawa.

“Malam Mas'udu, ka ce mana abin nan ba ya yankewa.”

“Haka na ce, Baffa.”

“Ƙanena ya ɗaga maganinsa, ya sa hula, ya zauna yana kallon hoto tsayayye. Da ka bar mu da wayarmu, da ko murya ya ji. Kai ka ce a bari, kana da na'ura.”

Wani tsoho ya ce, “Yaran yanzu ke nan, kowa injiniya.” Aka yi 'yar dariya.

Mas'udu ya durƙusa. “A gafarce ni, Baffa. Laifina ne.”

Ina tsaye bayan labulen zaure, da turaren Hajiya Binta a hannuna. Ban fito ba.

Da yamma Baffa ya aika wa magabatan Mas'udu cewa a dakata tukuna. Bai ce an fasa ba. Gwaggo ta ce mini a mota, “Kin gani ko? Allah ne ya nuna miki da wuri.” Ta san inda na sa akwatin ko ba ta sani ba, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.

Washegari na kira Baba. Muryarsa ta yi ƙasa, kamar kullum bayan wanki. An tura masa wani bidiyo da wata ta ɗauka daga baya, kawunan mata ne rabinsa.

Ya ce, “Na ga Ma'u ta tashi za ta ɗauko allo. Daga nan sai ta tsaya. Na ce wa Innarku, bari dai, yanzu za ta motsa.”

“Baba, ka yi haƙuri.”

“Ba komai. Ki ce wa yaron kada ya sa abin a ransa. Na ga ƙoƙarinsa, na ga rumfa, na ga Kulu tana ba da umarni kamar kullum.” Ya yi tari. “Ya ta yi karatun?”

“Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.”

“Alhamdu lillahi.”

A makon da ya biyo baya Mas'udu ya shiga neman laifin da babu shi. Ga saƙonninsa yadda suka shigo.

Litinin: “Na canza batir. Na bar shi a kunne awa huɗu a shago, lafiya lau. Ban gane ba.”

Talata: “Ina Tsafe. Na ajiye shi a tsakiyar fili cikin rana tun sha biyu. Ni na gaji, shi bai gaji ba.”

Talata kuma, bayan la'asar: “Na gaya wa masu gasar su nemi wani. Abin da ya ba ni kunya a gaban Baffa ba zan kai shi gaban mutum dubu ba sai na san ciwonsa.”

Na rubuta masa, “Kada ka janye, akwatinka lafiyarsa lau.” Na goge. Na rubuta, “Akwai maganar da zan gaya maka.” Na goge. Abin da na tura shi ne, “Allah ya sa a gano.” A ranar ce kuma na rubuta muku cewa akwatin ya lalace, na zauna ina karanta dariyarku.

Laraba bai turo komai ba. Alhamis bayan la'asar ya zo gida.

Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, na fitar da tabarma da ruwan sanyi zaure. Na riga na yanke shawara tun safe. Na ma tsara jimlar farko: Mas'udu, ni ce. Yana sanye da yadi mai ruwan ƙasa, ya rame kaɗan, bayan wuyansa ya yi baƙi da rana. Akwatin yana kan cinyarsa a buɗe, ba murfi.

Muka gaisa. Ya tambayi jikin Baba. Kafin in buɗe baki ya ce, “Jiya na je Bungudu.”

“Wajen Baffa?”

“E. Na sake ba shi haƙuri. Na ce masa kuskuren haɗi ne, na gano, na gyara.”

“Ka gano?”

Ya zaro takarda a aljihu ya warware. Lambobi ne a jere da rubutun hannunsa.

“Ƙaramar kwamfutar tana rubuta halin da take ciki a wani ɗan kati kowane minti, zafinta da ƙarfin kowane layi. Katin ya ƙi buɗewa bayan zafin da ya sha, sai shekaranjiya da yamma na samu ya buɗe.” Ya sa yatsa a kan wani layi. “Sha ɗaya da minti shida. Layuka uku, na kamfani uku, suka faɗi tare a daƙiƙa ɗaya. Sabis ba ya ɗaukewa haka, Wasila. Ɗaya yakan riga ɗaya. Daga nan zafi ya fara hawa, bai tsaya ba har ta kashe kanta.”

Ya juya takardar, ya ci gaba.

“Na lulluɓe shi da bargo, zafi ya hau amma layuka ba su faɗi ba. Na sa shi a durowa, haka. Sai da na ari babbar tukunyar mahaifiyata na rufe shi a ciki, lambobin suka fito iri ɗaya sak. Ta ce ko dafa shi zan yi.” Bai yi dariya ba. “Kuma da na cire fankar, ƙamshin kori take yi.”

“Mas'udu, ni ce.”

“Na sani.”

“A kula na sa shi. Ta shinkafa. Na ce minti biyu.”

“Na san wannan ma, tun kafin in tafi Bungudu.”

“Kuma ka je ka ce wa Baffa laifinka ne?”

“Me zan ce masa? 'Yarsa ta hana ƙanensa ganin saukar Ma'u? Ni zai iya yafe mini, baƙo ne ni. Ke a gidan za ki zauna.” Ya naɗe takardar biyu. “Ban zo don ki ba ni haƙuri ba. Kin san dokar, kin maimaita mini ita a nan zauren. Ba mantuwa kika yi ba. Wanda ya manta yakan yafa mayafi a kai. Ke kwantar da eriya kika yi, kika murɗa murfi. Ɓoye shi kika yi.”

“E.”

“To abin da katin bai rubuta ba shi nake tambaya. Wa kika ɓoye wa?”

Na buɗe baki. Ina da amsar, kuma wallahi ita zan bayar. Sai labule ya motsa. Gwaggo Kulu ta leƙo da waya a hannu, ta dubi Mas'udu sama da ƙasa, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta ɗaga murya fiye da yadda zauren yake buƙata.

“Wasila, in kin gama ki shigo ki zaɓi kayan da za ki sa gobe. Hajiya Binta ta bugo yanzu. Abdulaziz ya taso daga Abuja, bayan Juma'a zai zo ya gan ki.”

Ta saki labulen.

Mas'udu ya ɗauki murfin akwatin ya ɗora. Ya zaro ƙaramin sukundireba daga aljihun gaba, ya ɗaure kusoshin huɗu ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Da ya gama ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “Na janye waccan tambayar. Wane ne Abdulaziz?”